Kujerar Motata Ta Yi Duhu Tana Tsagewa: In Shafa Mata Man Kaɗanya?

Tambaya daga wani Alhaji a Ƙofar Ƙaura, Katsina: "Bara na sayi Honda Accord 'yar Beljiyam mai kujerun fata ruwan madara. Yanzu kujerar direba ta yi duhu tana ƙyalli, gefenta na wajen ƙofa ya fara tsattsagewa, ga kuma wani shuɗi-shuɗi a kujerar da maiɗakina ke zama. Yaron da ke wanke mani mota omo yake sa mata, in ya gama ya fesa wani mai. Aminina ya ce bushewa ce, in riƙa shafa mata man kaɗanya ko basilin. Me ya kamata in yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin mu je ko'ina, man kaɗanyar nan a mayar da shi cikin gida, a bar wa masu faso in hunturu ya kama. Basilin ma haka. Aminin naka ba ƙarya ya yi ba, sai dai fatar da ya sani daban, wadda ke cikin motarka daban.

Na san inda shawararsa ta samo tushe, don a cikinta na buɗe ido. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne. In sallah ta gabato zauren gidanmu cika yake da kayan doki da kube da zabira, mu yara aikinmu murza mai. Fatar da majemi ya jeme da bagaruwa ƙofofinta a buɗe suke. Ka ɗiga mata man gyaɗa ko man shanu, ta shanye kamar jigawa ta ga ruwan farko, ta yi laushi tana lanƙwasa yadda kake so. Da na koma aikin kujerun mota da wannan ilimin na zo, kuma sai da na ɓata kujera fiye da ɗaya kafin na yarda cewa a nan ba ya ci.

Fatar mota ƙirgin shanu ce da aka jeme a masana'anta, galibi da sinadarin kuromiyam, aka tsage ta ta koma kaurin milimita ɗaya da 'yan kai. Man da ke ba ta laushi tun a can aka cusa shi cikin jikinta. Daga nan aka fesa mata fenti, aka bi fentin da wani siririn ruwan roba garai-garai wanda bai kai kaurin takarda ba. To duk abin da tafin hannunka ke taɓawa, duk abin da yaronka ke wankewa, wannan rufin ne, ba fatar ba. Ka gwada da kanka: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kujerar baya, inda ba a cika zama ba. In ya dunƙule ya tsaya kamar raɓa a ganyen gwaza, rufaffiya ce. Wadda ke shanye ruwa ta yi duhu nan take sai a wasu tsirarun motoci masu ɗan karen tsada, kuma Accord ba ta cikinsu. Ƙari a kan haka, a yawancin irin motocin nan inda ake zama da inda ake jingina ne kaɗai fata. Gefe da baya roba ce aka yi mata kamannin fata. Wasu kamfanonin ma kujerar gaba ɗaya haka take, suna kawai suka raɗa mata: Toyota ta ce SofTex, Lexus ta ce NuLuxe, Marsandi ta ce MB-Tex. Mutanenmu da ke kiran su duka "kujerar leda" ba su yi nisa da gaskiya ba.

Man da ka shafa a kan roba ina zai je? Yana nan kwance a sama yana jiran ƙura. Wanda ya samu hanya kuwa ta ɗinki da tsaga zai bi, ya shiga ƙarƙashin fenti ya ɗaga shi. Akwai wani bawan Allah da ya zo mani da babbar riga a hannu maimakon mota. Ranar Juma'a da dare ya shafe kujerunsa da man kaɗanya tas, Asabar da hantsi ya ɗauki hanyar Daura zuwa ɗaurin aure cikin farar shadda sabuwa fil. Tafiyar kilomita tamanin cikin zafin bazara, man ya narke. Da ya fito a ƙofar gidan biki, hoton kujerar na nan ɗaram a bayan rigarsa, har da layin ɗinki. Ya ce tun da aka shafa fatiha bai yarda ya juya wa kowa baya ba.

Ƙyallin da kake gani a kujerar direba ma ba alamar lafiya ba ce. Sabuwar fatar mota ba ta ƙyalli, dishi-dishi take. Abin da ke sheƙi gumi ne da man shafawa da ƙura suka haɗu, zama da tashi ya buge su kamar yadda mabugi ke buge shadda. Nakan manna salatif a tsakiyar kujera in wanke rabi ɗaya in bar ɗaya, don mai mota ya gani da idonsa. Sau da yawa sai ya nuna ɓangaren da na wanke ya ce, "Malam, ai ka kashe mata haske." Sai na miƙa masa tsumman da na goge da shi, fari ne ɗazu, yanzu kamar an share gindin tukunya.

Sai batun omo, ina nufin kowane garin sabulun wanki. An yi shi ne don ya ci maiƙo a jikin tufa a kuma ɗauraye shi da ruwa mai yawa, kujera kuwa ba a ɗauraye ta. A ma'aunin tsami da kanwa da masana ke kira pH, ruwa zalla yana kan 7, fata tana wajen 5, wato ɓangaren tsami, garin sabulu kuwa yana kai 10. Ka tuna da me majemi ke zubar da gashin fata: toka da farar ƙasa, dangin kanwa. To danginsu ne ake shafa wa kujerarka duk mako, a bar shi ya bushe a cikin ɗinki. Sabulun salo da ruwan bilicin na farar tufa duk layinsu ɗaya, na ƙarshen ma ya fi muni. Fetur da kalanzir da tina kuwa narkar da rufin suke yi kai tsaye. Shi kuma man da yaron ke fesawa, in irin na gaban mota da taya ne, silikon ne a ciki. Yana sa santsi, yana kama ƙura, kuma ranar da za a sake wa kujerar fenti sai an sha wahala kafin fentin ya kama. Kada ka yi wa yaron faɗa, abin da ya ga ana yi a wurin wankin mota ne ya kwaikwaya. Zaunar da shi za ka yi ka nuna masa sau ɗaya.

Ga abin da za ka nuna masa. A yi aikin da safe ko a inuwa, kujera da sanyinta; a kan kujera mai zafi sabulu bushewa yake yi kafin ya ɗaga datti. A fara da fitar da yashi, kuma wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa. In akwai injin zuƙar ƙura, madalla. In babu, busasshen buroshi mai laushi ya isa. A kwantar da majingina baya, a buɗa lungun da ke tsakaninta da mazauni da yatsu, a share. Za ka sha mamakin abin da zai fito: yashi, ɓawon gyaɗa, garin ƙuli, har da ƙwayar carbi. Wanda ya sa jiƙaƙƙen tsumma a kan yashi ya murza, kankare kujerar yake yi da hannunsa.

Sabulun da ya fi shi ne wanda aka yi musamman don fatar mota. Sonax da Meguiar's da Lexol duk suna yi, sai dai a kula da jabu. In bai samu ba, littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinta ya ce a yi amfani da sabulun wankin ulu marar kaifi, kashi 5 cikin ɗari a ruwa. A ma'auninmu, ledar fiya wata ɗaya da ƙaramin cokalin shayi biyar ke nan. Ni in na rasa na ulu, sabulun ruwa na wankan jarirai nake sawa, kuma ba na cika cokali biyar ɗin ma. Na ce fiya wata ne da gangan, don ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin fari-fari in ya bushe, musamman a baƙar kujera.

A kaɗa ya yi kumfa. Kumfar ake so, ba ruwan ba. A ɗebo ta da sabon buroshin takalmi mai laushi, wanda bai taɓa ganin man takalmi ba, a fara gwadawa a wani lungu na ƙasan kujera. In launin kujerar ya biyo farin tsumma, a tsaya nan, rufin ya riga ya tafi, aikin ya zama na mai gyara. In datti ne kawai ya fito, a ci gaba fage-fage, daga wannan ɗinki zuwa wancan, ana juya buroshi a hankali ba dannawa. Bakin buroshin ne ke shiga 'yan ramukan fatar ya tono dattin. Ƙarfin damtse ba ya ƙara komai sai ɓarna. A kwashe kumfar da farin tsumman auduga tun ba ta bushe ba, a bi da wani da aka jiƙa da ruwa zalla aka matse sosai, a ƙarasa da busasshe. Inda ya yi kanta a maimaita sau biyu ko uku, ya fi a dirje sau ɗaya. Sannan a sauke gilasai a bar ta ta sha iska a inuwa. Jiƙaƙƙiyar fata in ta bushe a rana ƙanƙancewa take yi ta sandare, kamar ƙirgin layya da aka manta a kan katanga.

In kujerar mai 'yan huji-huji ce, a rage kumfar ƙwarai. A ƙarƙashinta akwai soso, a wasu motocin akwai wayoyin ɗumama kujera ko fanka, a ta fasinja kuma akwai na'urar da ke gane ko an zauna. Hujin da ya toshe a buɗe shi da tsinken sakace. Kuma don Allah kada a bar mai wanki ya shigo da tiyo cikin mota. Akwai kuma wani farin soso marar nauyi da ake tallarsa cewa yana goge kowane tabo; yana gogewa kam, amma kankarewa yake yi, rufin yake ci tare da tabon.

Wancan littafin na Toyota ya ce a yi irin wannan wanki aƙalla sau biyu a shekara. Wanda ya rubuta bai san hunturun Katsina ba. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tun daga Sahara take tasowa, da yawanta daga kwarin Bodele a Chadi, laushinta kamar hoda amma tana da kaifi. Ko gilas a rufe sai ta shiga. A nan babban wanki duk wata uku ne, a tsakani kuma shafawa da tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya a mako, da hunturu sau biyu ko uku. Wannan 'yar shafawar ta minti biyu ta fi duk wani mai da za ka saya amfani, kuma da ita kaɗai na ga kujerun da suka shekara goma ba tsaga.

Shuɗin da ke kujerar Hajiya rini ne. Shadda da aka rina, galila, sabuwar atamfa, wandon jins na samari, duk suna zuba in gumi da zafi suka haɗu, kuma kujera ruwan madara ba ta ɓoye sirrin kowa. In an kama shi cikin kwana biyu ko uku, kumfar nan ta isa. In ya yi watanni ya riga ya nutse cikin rufin. Zai ragu da wanki biyu ko uku, amma ragowar sai da maganin cire rini na masu gyara, wani lokacin sai an sake fenti. Kada a bi shi da fetur, za a cire shuɗin a bar fari fat wanda ya fi shi muni. Maganinsa na gaba mai arha ne: farin tawul a shimfiɗa duk ranar da aka sa sabon ɗinki, musamman ranakun sallah da biki. Lalle ma haka yake. Amarya ko 'yan rakiyarta in ƙunshi bai gama bushewa ba, madogarar hannu da jikin ƙofa ne ke shan sa, kuma lalle ba ya jin sabulu in ya kwana.

Turare na fesawa akwai sinadarin barasa a ciki, yana tausasa rufin, haka ma ruwan goge hannu da aka saba da shi tun zamanin korona a 2020; sitiyari da yawa na ga sun saɓule saboda shi. A fesa turare a waje, a bari ya sha iska, sannan a shiga. Masu sa kaskon turaren wuta a mota kuwa, tartsatsi ɗaya huji ɗaya ne, shi kuma ba ya wankuwa. Manja ko man tsire in ya zuba a dangwale shi da tsumma, kada a murza ya bazu. Fura da nono ko madarar yara ba tabon ne abin tsoro ba, warin ne in ta gangara cikin soso, don haka a tsane ta nan take. Biro kuma, wanda 'yan makaranta ba sa rabuwa da shi, a ɗan taɓa shi da sifirit a kan audugar goge kunne, a kan layin kaɗai, a bi da ruwa. In bai fita a karo na biyu ba a haƙura.

Babban mai kashe kujera a garin nan dai rana ce. A Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe a fili, gabanta na iya kai 70, kujera ta wuce 50. Kullum ta gasu da rana ta huce da dare, fenti na buɗewa yana tsukewa har ya gaji. Rumfar kwano a gida ta fi komai. A wurin aiki ko kasuwa a nemi gindin bedi, kashin tsuntsu a jikin mota ya fi sauƙin magani a kan tsagaggiyar kujera. In ba inuwa, a sa abin tare rana a gilashin gaba, ko kwali ne, a kuma lura da ɓangaren da rana za ta faɗo da la'asar, don gilasan gefe sun fi na gaba barin hasken da ke cin launi ya wuce. Gilas mai duhu na taimakawa, amma sai da takardar izini daga 'yan sanda. Da damina kuma akasin haka ne: wanda ya saba barin gilas a ɗan buɗe saboda zafi, ruwan Agusta ya shiga, kwana uku sai fumfuna. Masu lulluɓe kujera da leda don kada ta tsufa su ma gumi suke tara mata, ledar kuma in ta yi zafi mannewa take yi da fenti.

Bayan wanki, in kana son ƙarin kariya, akwai ruwan da ake shafawa mai kama da madara, wanda aka haɗa da ruwa ba da mai ba. Aikinsa ya zauna a kan rufin ya rage gogayya, ya hana rini kamawa da wuri. Kaɗan ake sawa a tsumma, a shafa, a bari ya bushe, a goge. Alamar mai kyau ita ce in an gama kujera ba ta ƙyalli, ba ta santsi, farin tsumma kuma ya fito fari. A kujera mai haske irin taka ina ganin ya cancanci kuɗinsa. A baƙa ko an bari ba a yi asara ba. Sitiyari dai kada a sa masa komai mai santsi.

Saura tsagar gefen. Wurin nan shi ne ke fara mutuwa a kowace mota, saboda a kansa direba ke zamewa in zai shiga, a kansa yake murzawa in zai fita, ga makulli a aljihu, ga maɓallin ƙarfe na wando. Da tafiya ta yi tafiya soson ciki ya kwanta, fata ta samu wurin naɗewa, fenti ya karye a kan naɗin. Ka gwada ɗaga jiki kaɗan in za ka fita, ka dafa sitiyari, ka kuma matsar da kujerar baya in kana cikin babbar riga. Babu man da ke haɗe tsaga. Ka sa farce a hankali ka duba: in fentin ne kawai ya yi layi-layi, fatar na nan a haɗe, mai gyara zai wanke wurin ya cire silikon, ya cike layukan, ya haɗa launi ya fesa, ya mayar da rufi. In har kana hango soso, sai dai a farke a canza wannan fallen, kuma ka ce a ƙara soso a ciki, in ba haka ba sabon ma a nan zai karye.

Kafin ka miƙa kujerar ga mai ɗinki, duba gefenta na wajen ƙofa, can sama wajen kafaɗa. In ka ga an rubuta SRS AIRBAG, akwai jakar iska ta kariya a ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne da zaren da zai tsinke in an yi karo don jakar ta fito. Na ga kujerun da aka bi wannan layin da zaren ɗinkin takalmi, har ninki biyu, mai ɗinki na alfahari da ƙarfin aikinsa. Ka tambaye shi me zai yi da ɗinkin. In ya ce zai ƙarfafa maka shi, ɗauki motarka ka ƙara gaba. Rigar kujera ta kasuwa da ke rufe gefen ruf ita ma haka, sai wadda aka bar wa tsaga a wurin. Taka tsagar in a mazauni take, ƙasa da jakar, to fallen nan kaɗai za a taɓa, majingina a bar ta yadda kamfani ya ɗinka ta.